Sai-hu da Yatsun Kawu Hok

Mijin yayata, Tu Bun-hiong, ya ƙare ƙuruciyarsa kaf a bayan teburi a ofishin ruwa na gundumarmu, kuma duk tsawon zamansa da Yaya Giok-lan ban taɓa jin an ce ya yanka ko kaza ba. In ta sayo kifi mai rai daga kasuwa, sulalewa yake yi daga madafi sai an gama gyara shi. To wannan mutumin ne ya yi ritaya, ya zauna a gida ya rasa abin yi, ya wayi gari ya ce shi gwanin adda ne.

A waya ya tsinto abin. Wani ƙaton Bature ne mai sanƙo da gemu, yana tsaye a bayan gidansa can wata uwa duniya yana saran iska, wai yana koya wa mutane yadda za su yi da ɓarayi uku in sun taso musu lokaci guda. Bun-hiong ba ya jin ko kalma ɗaya ta yaren mutumin. Fassarar da ke gudu a ƙasan hoton yake bi, ita kuwa na'ura ce ke yin ta, shi ya sa wani lokaci sai ka ji ya fito da magana irin “ka buɗe ƙofar kafaɗa ka shigar da maraice”, fuska a murtuke, kai ka ce wani sirri ne na mutanen da.

Kantina na karin kumallo yana bakin titin da ya nufi haikali, gidansu kuma yana bayansa. 'Yar gajeruwar katanga ce ta raba tsakar gidansu da wurin wanke-wankena, don haka babu abin da ya wuce ni. Na ga ranar da addar farko ta iso a kwali, na ga ta biyu da ta uku. Na ga yadda ya bi ayabar Yaya ya sassare, har wadda ta kusa nuna. Da ayaba ta ƙare sai ya koma jera gorunan roba cike da ruwa a kan benci yana fille musu kai, yana tsalle baya kamar za su rama. Ya sayo baƙar riga da ɗamara, amma in ya ɗaura sai tumbi ya sauko ya haɗiye ɗamarar.

Kullum da safe sai ya zagayo kanti ya zauna a teburin da ke kallon titi, don a cewarsa mayaƙi ba ya ba ƙofa baya.

“A-Suat, kin san kantin nan naki ba shi da tsaro?” in ji shi wata rana. “In mutum biyu suka shigo ta nan, ɗaya ta can, me za ki yi?”

“In tambaye su madarar waken mai zaƙi suke so ko mai gishiri.”

“Ke komai wasa. Duniya fa ta lalace.”

“Mijin Yaya, garin nan a jikin babur mutane ke barin makulli su shiga kasuwa. Ɓarawon ƙarshe da aka kama biri ne, shi ma mangwaro ya sata.”

Masu cin abinci suka fashe da dariya. Bai ji kunya ba. Ya ɗauki dogon soyayyen fulawa daga farantinsa ya miƙe yana nuna musu sara ta ɗaya, sara ta biyu, mai yana fallatsa a rigar wata malamar makaranta. Da ya zauna sai ya sunkuyo ya ce, “Kuma daga yau, a gaban mutane, ki riƙa ce mini Sai-hu.”

Sai-hu a wurinmu sunan wanda ya ƙware ne har ya yaye wasu. Kafinta ma sai ya yi furfura a kan sana'a kafin a kira shi haka. Na ce masa to, Sai-hu ya sha madararsa kafin ta huce.

Ɗalibai ya samu, tsofaffi huɗu, saboda Yaya tana fito musu da shayi da gyaɗa. Da zafin bazara ya kankama uku suka gudu. Wanda ya rage shi ne Kawu Hok.

Pan Thiam-hok sunansa, mai goge ne. Duk bikin haikali da duk jana'iza a yankinmu shi ake kira, ya zauna a gefe da gogensa mai tsirkiya biyu a kan cinya, ya rufe ido. Akwai waƙar da in ya ja a wurin makoki har masu ɗaukar gawa sai sun share ido. Matarsa ta rasu a shekarar da ta gabata, 'yarsu tilo tana aure a birnin Kaohsiung, shi kaɗai ya rage a gida da kare. Mutum ne mai sanyi, siriri kamar gora, wanda in ka taka ƙafarsa shi zai ba ka haƙuri. Ba adda ce ta dame shi ba. Wurin zuwa da safe yake nema, da wanda zai ce masa ka makara.

Bun-hiong kuwa ya samu abin da yake so. “Ƙafar hagu baya! Na ce baya, A-Hok, kai kurma ne?” Kawu Hok ya girme shi nesa ba kusa ba, amma sai ya rusuna ya ce, “Yi haƙuri, Sai-hu.” Da sandunan katako suke yi. Ina wanke tukwane ina jin ƙwas, ƙwas, da muryar mijin yayata tana tashi kamar ta zakaran da ya samu bola shi kaɗai.

Daga nan sai ya fara ɗaukar nasa bidiyon yana sakawa. Ya sayo 'yar sanda mai ƙafa uku ta ɗora waya. Masu kallo ba su taka kara sun karya ba, amma a cikinsu aka samu wani mara aikin yi ya rubuta cewa katako wasan yara ne, gwanin gaske da ƙarfe yake yi. Maganar nan ta hana Bun-hiong sakat. A kantina ya yi ta maimaita ta, yana cewa yaron bai san da wa yake magana ba.

Yaya ta ce masa kada ya kuskura ya gwada da addar gaske. Ya ce ita me ta sani. Sai ya jira ranar da ta tafi kasuwa.

Hantsi ne, cinikin safe ya lafa, ina bayan kanti ina ɗauraye kwanoni. Na ji ƙarar ta sauya, ba ƙwas ba ce yau, ƙarfe ne ke haɗuwa da ƙarfe. Na ɗaga kai na gan su, kowa da tsirarar adda, waya na tsaye a kan sandarta tana kallonsu. Kawu Hok ya riƙe tasa nesa da jiki kamar mai riƙe da maciji.

“Mijin Yaya! Ka haukace ne?”

“Ke yi shiru, ana ɗauka!” Ya juya ga Kawu Hok. “Ka kawo sara ta sama a hankali, ni zan tare in zame in shiga. Kai dai ka ɗaga hannun hagu ka kare fuska kamar yadda na koya maka.”

Kawu Hok ya yi yadda aka ce. Ya kawo sara a hankali, ya ɗaga hannun hagu. Shi kuwa gwanin, da ya tuna ana ɗaukarsa, sai ya ƙara wa abin gishiri: ya yi wani juyi da ban taɓa ganin ya yi ba, ya kurma ihu, ya kawo addar da ƙarfinsa. A bayan yatsun tsohon ta sauka.

Kawu Hok bai yi ƙara ba. Ya tsaya yana kallon hannunsa, jini yana bin gwiwar hannu yana ɗiga a siminti. Ni ce na yi ihun, na tsallake katangar ban san lokacin da na yi ba. Kuma da idona na ga abin da Bun-hiong ya fara yi: wurin wayar ya nufa, ya kashe ta, ya cire ta ya sa a aljihu. Sannan ya juyo ya ce, “Ai na ce ka ja baya! Ka ɓata salon gaba ɗaya.”

Na kwance zanen aikin da na ɗaura a gaba na naɗe hannun, na matse, na ɗaga shi sama. “Zo ka riƙe nan in fito da mota!”

“Ni jini yana sa ni jiri,” in ji Sai-hu.

Kawu Hok ne ya riƙe hannunsa da ɗaya hannun har na fito da 'yar motar da nake ɗauko wake da ita. Bun-hiong ya shigo ya matse a bakin ƙofa, ya zura kansa waje ta taga. Mun bar gonakin mangwaro mun hau babban titin birnin Pingtung kafin ya buɗe baki, murya ƙasa-ƙasa.

“A-Hok, in likita ya tambaya, ka ce gora kake sara a bayan gidanka ta zame. Ka san mutanen nan, yanzu sai su kira 'yan sanda su mai da ƙaramin abu babba. Sunan makarantarmu ne zai ɓaci.”

“Wace makaranta?” na ce. “Kai da benci da gorunan roba?”

“To, Sai-hu,” in ji Kawu Hok, leɓɓansa sun yi fari. “Gora nake sara.”

Haka ya faɗa wa likita, ni ina tsaye ina cizon harshe, don ya kama rigata ya roƙe ni kada in tanka. Aka shiga da shi aka ɗinke jijiyoyin. Yatsun ba su faɗi ba, amma likita ya ce biyu daga ciki da wuya su sake lanƙwasawa kamar da. Su ne kuwa yatsun da yake danna tsirkiya da su.

Da Yaya ta ji, sai ta ɗauki nauyin jinyar Kawu Hok. Romon kifi da citta ta shiga dafawa kullum, ta zuba a kwano mai murfi ta kai wa tsohon da kanta, ta wanke masa kaya, ta ba karensa abinci. Bun-hiong sau ɗaya ya je dubiya. Ya kai kwalin tuffa, ya zauna ya ci biyu, ya ce wa majinyacin duk mayaƙin gaske yana da tabo.

Da abin ya tsaya nan, da garin ya haɗiye shi kamar yadda yake haɗiye komai. Amma mai hali ba ya fasa halinsa. Ba a cire zaren ɗinki ba sai ga sabon bidiyo. Wata mai sayen fanken ƙwai ce ta nuna mini. Ga Bun-hiong zaune da baƙar riga, adda a kan cinya, yana magana da muryar mai jimami: wai yau zai yi darasi ne a kan ɗalibin da ba ya jin maganar malami. Ya saka hoton saran, ya yanke daidai inda jini zai fito, ya maimaita shi a hankali yana nuna wa duniya inda ƙafar Kawu Hok ta yi kuskure. Har ya ce ba don shi ya janye ƙarfinsa ba da hannun duka ya tafi.

Na kai wa Yaya wayar tana tsinke ganye. Ta kalla har ƙarshe, ta goge hannunta, ta ce, “Ba ni lambar Le-hoa.”

Le-hoa ita ce 'yar Kawu Hok, wadda har ranar ta ɗauka gora ce ta yanke ubanta. Kafin azahar labari ya zagaye gari cewa gobe tana tafe. Ka san bakin mutane: wani ya ce da mijinta za ta zo, wani ya ce mijin a tashar jiragen ruwa yake aiki, wani ya ƙara da cewa abokan aikinsa ma za su biyo shi cike da mota.

Washegari ina cikin soya fanke sai ga mutum ya faɗo ta ƙofar baya, ba baƙar riga, ba ɗamara, singileti ce kawai da silifa.

“A-Suat, ƙanwata, bari in ɗan duba miki buhunan waken nan, na ji kamar ɓera.”

“Sai-hu, ina addunan? Mutum uku ne fa kacal darasin farko.”

“Mayaƙi na gaske yana zaɓen filin yaƙinsa,” ya ce, ya shige ɗakin ajiya ya ja ƙofa. Ɗakin nan bango ɗaya ne tsakaninsa da tukunyar da nake dafa madara, ba taga, ga watan zafi.

Ba a jima ba Le-hoa ta iso. Ita kaɗai, 'yar ƙaramar mace da lema da jaka, ko kafaɗata ba ta kai ba. Gidan Yaya ta fara zuwa, Yaya ta nuna mata kantina da haɓa. Ta shigo ta gaishe ni.

“Gwaggo Suat, a ba ni madara mai gishiri. Ba sauri nake ba.”

Ta zauna a teburin da ke fuskantar ƙofar ɗakin ajiya. Ta sha madara, ta ci fanke, muka taɓa hirar 'ya'yanta. Na ƙara wa tukunya wuta duk da madarar ta riga ta dahu. Masu cin abinci suka gama suka ƙi tashi, na waje suka shigo suka tsaya a jikin bango, har mai gyaran babur ya rufe shago ya zo da kujerarsa. Kowa ya san wanda ke ciki, ba wanda ya ambata. Can sai muka ji tari, sai motsin buhu, sai shiru. Fitsari ne ya fito da shi a ƙarshe. Ya buɗe ƙofa sharkaf da gumi, garin wake ya manne masa a gashi, kamar kazar da aka tsamo daga ruwa.

“A'a, Le-hoa! Yaushe a gari? Ai ɓeraye ne suka...”

“Kawu Tu,” ta ce, ba ta ɗaga murya ba. “Wa ya sare babana?”

Ya fara zancen kusurwa da tazara. Ta sake tambaya, kalmomin nan dai ba ƙari. A karo na uku ya dubi mutanen da suka cika kantin, ya dubi ƙasa, ya ce, “Ni ne.”

Ita wurin 'yan sanda ta so kai ƙara, ubanta ya ce in ta yi haka ba shi ba ita. Sai aka kai maganar gaban dattawan haikali, suka yanke irin hukuncin da: ya goge bidiyon, ranar kasuwa kuma ya tsaya a ƙofar haikali da tire na sigari da binlang, irin goron da ake taunawa a wurinmu, duk wanda ya zo wucewa ya miƙa masa ya faɗi laifinsa da bakinsa.

Ya tsaya ɗin. Na rufe kanti da wuri don in gani. Amma ko a nan bai bar hali ba. In dattijo na kusa sai ya ce, “Na ji wa A-Hok ciwo, a yafe ni.” In dattijon ya juya baya sai ka ji yana gaya wa mai karɓar sigari, “Tsautsayi ne a horo na matakin sama, ba kowa ke kaiwa wurin ba.” Mutane suka kwashe sigarin suna ƙunshe dariya.

Can sai ga Kawu Hok, hannu a rataye a wuya, Le-hoa na riƙe masa lema. Mutane suka ba su hanya. Bun-hiong ya miƙa tire yana kallon gefe. Tsohon bai ɗauki komai ba. Ya gyara tsayuwa, ya ɗan rusuna, ya ce:

“Sai-hu, in an cire wannan, yaushe za mu ci gaba? Ko da katakon ne. Hannun dama lafiyarsa ƙalau.”

Le-hoa ta rufe ido. Ni kuwa na san ba salon adda yake tambaya ba. Gogen ya riga ya tafi, shi ya fi kowa sani. Wurin zuwan nan nasa na safe yake roƙo kada shi ma a ƙwace masa.

Bun-hiong ya dubi hannun da ke naɗe, ya kau da kai da sauri. Ya yi gyaran murya.

“A-Hok, gaskiya zan gaya maka. Fannin nan yana buƙatar hannu biyu lafiyayyu. Ba zan iya ɗaukar nauyinka a haka ba.”

A gaban haikali ya faɗi haka, da tiren neman gafara a hannunsa. Yaya tana tsaye kusa da ni. Ta taka a hankali ta je ta karɓe tiren, ta juye abin da ya rage a kwandon shara, ta riƙe abinta ta wuce gida, don tirenta ne na baƙi. Tun ranar a benen kantina take kwana. Takan leƙa gidan da rana ta ba tsirranta ruwa ta dawo.

Da aka kwance hannun, yatsun biyu suka tsaya a miƙe kamar yadda likita ya faɗa. An yi jana'izar tsohuwar mai sayar da awara ba goge, aka sa waƙa a lasifika. Kawu Hok ya je, ya tsaya can baya. Bayan bikin tsakiyar kaka Le-hoa ta matsa masa ya koma wurinta. Ni na kai shi tashar jirgin ƙasa, da akwati ɗaya da karen a cikin keji. Gogen ya bar wa haikali, ya ce ko wani zai so koyo. Da jirgi ya ƙaraso ya riƙe hannuna da na damansa ya ce in yi wa Yaya godiyar romo, in kuma gaida masa Sai-hu, in ce masa kada ya sa abin a ransa.

Bun-hiong har yau yana nan a tsakar gida da baƙar rigarsa, shi kaɗai yake saran iska a gaban waya. Da yake babu mai dafa masa, kantina yake zuwa safe da rana. Washegarin tafiyar tsohon na ajiye masa madara na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni, ban ƙara ba ban rage ba.

Ya kurɓa, ya lashe leɓe. “A-Hok? Ayya. Mutumin kirki ne,” ya ce. “Sai dai ƙafarsa ba ta da sauri. A-Suat, a ƙara mini ƙwai a fanken, jiya guda ɗaya kika sa.”

Akwai mutum biyar da suka shigo bayansa. Sai da na sallame su duka, na goge tebura, na share ƙofar kanti, sannan na fasa masa ƙwan.